Wasiƙa ga Edita: Zanenku na sel ya manta da igiyoyi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da ma'aikatanka, ina roƙon ka ɗan sam mini fili a wannan jarida tamu mai farin jini, in yi tsokaci a kan zanen da kuka buga a shafin ɗalibai, wanda ke nuna cikin ƙwayar sel ta dabba domin yaranmu masu shirin jarrabawar kammala sakandare. Da farko dai Allah Ya saka da alheri. Ba kowace jarida ke tunawa da yaron ƙauye da ba shi da littafin bayoloji nasa na kansa ba, sai abin da ya tsinta a wayar yayansa. Sunayen da kuka sa duk daidai suke, wanda ya haddace su kuma zai ci makinsa.

Ƙorafina ɗaya ne, a kan filin da mai zanen ya bari wayam. Ya ajiye nukiliyas a tsakiya, ya jefa mitokondiriya, masu samar wa sel ƙarfi, can gefe kowace ita kaɗai, ya naɗe ragar endofilazim, wato ragar tantani da ke cikin sel, a wata kusurwa, Golji a wata, lisosom a wata, sannan ya shafe tsakaninsu da launi ɗaya, wai ruwa ne. Yaron da ya ga wannan zai tashi da fahimtar cewa kowace gaɓa shawaginta take yi, ba ruwan wata da wata. To ba haka abin yake ba. A cikin sel mai rai gaɓoɓin nan a ɗaure suke da juna, akwai kuma furotin da aikinsu ke nan: su riƙe tantanin wannan gaɓa kusa da tantanin waccan, su nake kira igiyoyi. Roƙona shi ne in za ku sake buga zanen, a ce wa mai zanen ya ja ragar endofilazim ta ratsa ko'ina, ta jingina da mitokondiriya, da Golji, da tantanin waje na sel, ya kuma sa 'yan gajerun layuka a wuraren da suka haɗu. Bari in kawo dalili, don kada a ce tsohon malami ne ya rasa abin yi.

Ban ga laifin mai zanenku ba. Haka littattafai suke zanawa, kuma abin yana da tarihi. Hanyar da aka fara sanin aikin gaɓoɓin sel ita ce a markaɗe hanta, a zuba a na'urar da ke juyawa da tsananin gudu, masu nauyi su kwanta ƙasa, marasa nauyi su tsaya sama, a kwashi kowane kaso daban a gwada abin da yake yi. Albert Claude da Christian de Duve da George Palade sun sami kyautar Nobel a 1974 saboda buɗe mana cikin sel da suka yi, wannan hanya kuwa na cikin manyan makamansu. Amma duba abin da take koya wa mai yin ta. Gwaninta a wurinsa ita ce ya raba tsaf. In ya tace mitokondiriya ya tarar da ɓurɓushin raga manne da ita, sunansa datti, kuma hannunsa ne bai ƙware ba. Haka aka yi shekaru ana wanke hujja ana zubarwa.

Alhali tun 1956 Wilhelm Bernhard da Charles Rouiller, a Faransa, suka duba hantar ɓera da maikuroskof mai aiki da ilektiron, suka ga ragar kwance a jikin mitokondiriya kut da kut. Shekara ɗaya bayan nan Keith Porter da Palade suka ga makamancin haka a cikin tsoka. An gani, an rubuta, an wuce, domin hoto ba ya faɗin ko abu biyu aiki suke yi tare ko cunkoso ne kawai ya matse su.

Wadda ta tono zancen ita ce Jean Vance ta Jami'ar Alberta a Kanada, a 1990. Tana bin diddigin yadda ake ƙera maiƙon da ake gina tantani da shi. Sai ta lura cewa mitokondiriyar da ba a gama tacewa ba tana iya ƙera wani maiƙo mai suna fosfatidilserin, amma da zarar an tace ta tas sai iyawar ta ɓace. Maimakon ta zubar da dattin da aka tace, sai ta tsaya ta bincike shi. Ashe wani yanki ne na ragar endofilazim da ke manne da mitokondiriya, cike da enzayim masu ƙera maiƙo, su enzayim kuwa furotin ne masu gudanar da aikin sinadarai a sel. A raga ake yin fosfatidilserin, ya tsallaka cikin mitokondiriya a sauya shi zuwa wani maiƙon daban, wani kason kuma ya sake dawowa raga.

Ga inda gizo ke saƙa. Kowace gaɓa a cikin sel tantani ne ya kewaye ta, tantanin nan kuma da maiƙo ake yin sa, kaurinsa wajen nanomita 5. Nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita. Mafi yawan maiƙon a raga ake ƙera shi. Cikin sel kuwa ruwa ne, maiƙo ba ya narkewa a ruwa. To yaya zai isa inda ake buƙatarsa? Amsar da littattafai suka sani ita ce ta 'yan jakunkuna: tantani ya tsuke ya ɓalle wata 'yar jaka, ta yi tafiya, ta je ta narke a tantanin inda aka aike ta. A kan wannan James Rothman da Randy Schekman da Thomas Südhof suka sami Nobel a 2013, kuma gaskiya ce tsantsa. Sai dai mitokondiriya ba ta kan wannan hanya. Jakunkunan da ke tasowa daga raga ba sa sauka a wurinta. Duk da haka tana girma, tana rabuwa biyu, kullum tana bukatar sabon tantani.

Duk wanda ya tashi a cikin gari ya san hanya biyu da maƙwabta ke aika wa juna abu. Ko a zuba a kwano a rufe, a ba yaro ya fita ta zaure ya zaga ya shiga ta zauren wancan gida, ko kuwa uwargida ta taka turmi ta miƙa ta kan katanga. Jakunkuna su ne yaro da kwano. Abin da Vance ta gano miƙo ne ta katanga, sharaɗinsa kuwa gidajen su kasance jingine da juna, kuma ba a rushe katangar ba, kowa yana cikin gidansa.

Wannan sharaɗi na ƙarshe shi nake so ɗalibai su riƙe. A wuraren haɗuwar nan tantani biyu suna matsowa har tazarar da ke tsakaninsu ta zama galibi nanomita 10 zuwa 30, amma ba sa narkewa su zama ɗaya. Kaurin gashin kan mutum yana kaiwa nanomita 50,000 zuwa 100,000. Maikuroskof na haske, irin wanda ke ɗakin gwajin makaranta in ma akwai, ba ya iya rarrabe abu biyu da tazararsu ta gaza nanomita 200, saboda haka babu ɗalibin da zai ga wannan da idonsa. Shi ya sa zanen ke da nauyi, don shi kaɗai ne idon yaron.

Su igiyoyin an gan su. A 2006 György Csordás da György Hajnóczky a Filadelfiya ta Amurka suka ɗauki hotunan ilektiron ta kusurwoyi da yawa, suka ga wasu siraran zare sun tashi daga raga zuwa mitokondiriya. Da suka sa enzayim ya gutsuttsure zaren, saƙon da ke wucewa tsakanin gaɓoɓin biyu ya yi rauni. Da suka ƙera gajeren zare suka ƙara matse su, sai mitokondiriyar ta riƙa shan kalsiyam fiye da ƙima, abin da ke kai sel ga mutuwa. Wato tsawon igiyar ma a aune yake. Siffar irin waɗannan furotin ba ta da wuyar bayani: kai biyu gare su, ɗaya a kafe cikin tantanin gida, ɗayan yana neman wani furotin ko wani maiƙo na musamman da ba a samu sai a tantanin maƙwabci.

Kada in wuce ban ce su ma jakunkunan suna da nasu igiyoyi ba, dogaye, masu cafko jaka tun daga nesa kafin ta narke a inda za ta. Akwai wata mai suna EEA1 da tsawonta ya kai wajen nanomita 200, kuma Marino Zerial da abokan aikinsa a Dresden ta Jamus sun nuna a 2016 cewa da ta kama jaka sai ta lanƙwashe ta jawo ta kusa. A Kambirij ta Ingila kuma Mie Wong da Sean Munro, a 2014, suka ciro irin waɗannan igiyoyi daga Golji suka dasa a jikin mitokondiriya, sai ga jakunkunan da ya kamata su tafi Golji sun taru a can, kowace igiya da irin jakar da take kamawa. Amma waɗannan suna riƙewa ne don a narke. Zancena a kan masu riƙewa ba tare da narkewa ba ne.

A cikinsu wadda ta fi yawan abokan hulɗa sunanta VAP. A kafe take a tantanin raga, kanta yana leƙe cikin ruwan sel. A 2003 Tim Levine da Christopher Loewen, a wata cibiyar binciken ido da ke Landan, suka gano wani ɗan gajeren jerin amino asid, wato tubalan da ake gina furotin da su, guda bakwai ne zuciyarsa, wanda duk furotin da ke ɗauke da shi VAP za ta cafke shi. Suka sa masa suna FFAT. Da wannan ɗan jeri furotin iri-iri ke rataya a jikin raga da hannu ɗaya, ɗaya hannun kuma ya kama Golji, ko mitokondiriya, ko wasu gaɓoɓin sel irin su endosom da feroksisom. A shekarar dai Kentaro Hanada a Tokiyo ya gano CERT, furotin da ke ɗaukar wani maiƙo mai suna seramid daga raga zuwa Golji ba tare da jaka ba, shi ma kuma yana da FFAT ɗinsa.

Wanda ya fi cin lokacina a cikin dangin nan shi ne OSBP, mai dakon kolestarol. A raga ake ƙera kolestarol, amma raga ba ta riƙe shi da yawa. A ƙarshen Golji da tantanin waje yake taruwa. Ke nan ana kai kaya daga inda yake kaɗan zuwa inda ya riga ya yi yawa, kuma duk ɗalibin da ya karanta darasin bazuwar sinadarai ya san abu ba ya yin haka don kansa, sai an kashe ƙarfi. To ina ƙarfin yake fitowa? Bruno Mesmin da Bruno Antonny, kusa da birnin Nis a Faransa, suka warware wannan a 2013. Kai ɗaya na OSBP yana kama wani maiƙo mai suna PI4P a jikin Golji, FFAT ɗinsa yana kama VAP a jikin raga, sai tantanin biyu su matso. Sashensa na uku aljihu ne. Ya ɗauki kolestarol ɗaya daga raga ya sauke a Golji, ya ɗauko PI4P ɗaya ya dawo da shi raga. A can wani enzayim mai suna Sac1 yana jira, ya farfasa shi nan take. Tun da kullum ana ƙera PI4P a Golji da ƙarfin ATP, wato sinadarin da sel ke ajiye ƙarfi a cikinsa, ana kuma lalata shi a raga, kullum akwai gangara a gabansa, gangarowarsa kuwa ita ke biyan kuɗin hawan kolestarol. Sannan ga wani abu da ya sa na ajiye takardar bincikensu na yi ta jinjina kai. Shi PI4P ɗin da ake kwashewa, shi ne abin da OSBP ke riƙe da shi a Golji. Idan an kwashe ya yi ƙasa, igiyar ta saki da kanta, aikin ya tsaya har sai an ƙera wani. Furotin ɗaya, shi ne igiya, shi ne ɗan dako, shi ne kuma mai kashe injin.

Neman igiyoyin nan ya ba masana wahala, don in ka cire ɗaya sau da yawa ba abin da ke faruwa, akwai wasu da ke riƙe da wurin. A ɗakin binciken Scott Emr a Jami'ar Cornell, a 2012, sai da aka cire furotin shida a lokaci guda daga jikin yis, ƙwayar nan mai sel ɗaya da ke kumbura burodi, kafin ragar ta janye daga tantanin waje, kuma duk da haka yis ɗin bai mutu ba. Benoît Kornmann, yana aiki a ɗakin binciken Peter Walter a San Faransisko, sai ya ɓullo wa matsalar ta bayan gida. Ya ƙera igiyar jabu, furotin guda mai kai biyu, ɗaya yana shiga tantanin mitokondiriya, ɗaya yana shiga na raga, ya sa a cikin yis. Sannan ya lalata ƙwayoyin gadon yis ɗin barkatai, ya koma yana neman waɗanda ba sa iya girma yadda ya kamata sai in igiyarsa tana nan. Hikimar a fili take: duk yis ɗin da igiyar jabu ta ceto, to tasa ta asali ce ta tsinke. Da haka a 2009 ya fito da gungun furotin huɗu, Mmm1 da Mdm10 da Mdm12 da Mdm34, aka kira su ERMES. Dukansu an daɗe da sanin su, an dai ɗora musu wasu ayyukan ne daban. Mu mutane ba mu da ERMES, namu igiyoyin wasu ne, amma daga wannan gwaji fagen ya buɗe sosai. Da ni ke tsara manhaja, da na sa shi a darasin yadda ake binciken kimiyya, domin ɗan aji biyu na babbar sakandare zai iya bin tunanin daga farko har ƙarshe ba tare da ya taɓa na'ura ba.

Ba maiƙo kaɗai ke wucewa ta wuraren nan ba. Akwai kalsiyam, wanda sel ke amfani da shi a matsayin saƙo. A cikin ruwan sel kalsiyam kaɗan ne ƙwarai, ya gaza na wajen sel sau dubu goma ko kusa da haka, a cikin raga ake tara shi. Ƙofar da mitokondiriya ke shan kalsiyam da ita ba ta buɗewa sai ya yi yawa sosai, yawan da ba a samu a tsakiyar ruwan sel. Rosario Rizzuto da Tullio Pozzan na Italiya suka nuna a 1998 cewa a wuraren haɗuwa ake samun wannan yawa, daidai bakin ƙofar da raga ke fitar da shi, kafin ya bazu. Da wannan saƙo mitokondiriya ke sanin sel yana aiki, ta ƙara ƙera ATP.

Zuciyar da ke bugawa a ƙirjin mai karanta wannan wasiƙa ma da igiya take aiki. A kowane bugu saƙon lantarki yana bin tantanin waje na sel ɗin tsokar zuciya, ya buɗe wasu ƙofofi, ɗan kalsiyam ya shigo, shi kuma ya buɗe manyan ƙofofin raga, ma'ajiyar kalsiyam, da ke fuskantarsu, kalsiyam ya kwararo, tsoka ta tsuke. Tazarar da ke tsakanin ƙofofin biyu nanomita goma sha wani abu ce, wanda ke riƙe da ita kuma furotin ne mai suna jonktofilin, wanda Hiroshi Takeshima na Japan ya gano a shekarar 2000. Ɓerayen da aka cire musu nau'insa na zuciya tun suna ciki suka mutu. Wani nau'insa yana cikin ƙwaƙwalwa, kuma lalacewar ƙwayar gadonsa, JPH3, na haddasa wata cuta mai kama da ta Huntington, mai sa jiki fizga da gushewar hankali. An bayyana ta a 2001, kusan duk waɗanda aka same su da ita kuwa 'yan asalin Afirka ne, da yawansu a Afirka ta Kudu.

Akwai kuma igiyar da ba ta ɗauruwa sai an bukace ta. In kalsiyam ɗin raga ya yi ƙasa, wani furotin a tantaninta, STIM1, yana ji, sai ya miƙe ya kamo tantanin waje, ya buɗe wata ƙofa mai suna Orai1, kalsiyam ya shigo daga waje a sake cika ma'ajiya. An gano aikin STIM1 a 2005, Orai1 kuma a 2006, shi ta hanyar binciken wasu jarirai da aka haifa garkuwar jikinsu ba ta aiki. Ita ragar ma har wurin rabuwar mitokondiriya take nunawa: Gia Voeltz da Jodi Nunnari da Jonathan Friedman sun nuna a 2011 cewa tana naɗe mitokondiriya a daidai inda za ta tsinke biyu. A 2017 kuma Jennifer Lippincott-Schwartz da abokan aikinta suka rina gaɓoɓi shida da launi shida a cikin sel mai rai suka ɗauki bidiyo, aka ga kowace tana taɓa sauran, raga kuma ita ce ta fi kowa taɓe-taɓe. Wani tsohon ɗalibina ne ya turo mini bidiyon a waya, na kuma so a ce kowane malamin bayoloji yana da shi.

Hanya mafi ɗaci da ake gane muhimmancin furotin ita ce a ga abin da ke faruwa ga wanda ya gaji lalatacce. A 2004 Mayana Zatz da abokan aikinta a Jami'ar Sao Paulo suka binciki wani babban dangi a Barazil da ke gadon cutar ALS, wadda ke kashe jijiyoyin da ke motsa tsoka. Suka tarar amino asid ɗaya tak ne ya sauya, na 56, a cikin VAPB, ɗaya daga cikin nau'i biyu na VAP ɗin da na ambata. Sai kuma dangin VPS13, manyan furotin ne, kowanne ya haura amino asid 3,000. An daɗe da sanin cewa lalacewar VPS13A na kawo wata cutar fizgar jiki da ke zuwa tare da jajayen ƙwayoyin jini masu ƙaya-ƙaya, VPS13C kuma na kawo cutar Parkinson tun mutum yana matashi, amma ba a san aikinsu ba. A 2018 Pietro De Camilli da Karin Reinisch na Jami'ar Yale suka nuna cewa a wuraren haɗuwa suke zama kuma maiƙo suke wucewa da shi. Binciken da ya biyo baya ya nuna suna da dogon kwari a jikinsu daga wannan kai zuwa wancan, maiƙo yana bi a jere daga tantani zuwa tantani. Su ba sa kai da kawowa irin na OSBP, a tsaye suke, kaya na bi ta cikinsu.

Ba kuma duk abin da aka faɗa ne ya zauna ba, ina ganin ya kamata yara su san hakan. A 2008 Olga de Brito da Luca Scorrano a Padua suka ce wani furotin mai suna mitofusin 2 igiya ce tsakanin raga da mitokondiriya, in an cire shi gaɓoɓin suna nesanta. A 2015 wasu masanan, su ma a Padua, cikinsu har da Pozzan da Paola Pizzo, suka ce su akasin haka suka gani, in an cire shi haɗuwar ƙaruwa take yi. A 2016 Scorrano ya sake fitowa da sababbin gwaje-gwaje yana nan kan bakansa. Gari ɗaya, furotin ɗaya, amsa biyu. Babban tushen saɓanin shi ne ma'auni: wani da haske yake dubawa, wani da ilektiron, kuma ba su daidaita a kan tazarar da za a kira haɗuwa ba. Har sai da gungun masanan fagen suka haɗu suka fitar da takarda a 2019 don kawai a yarda da ma'anar abin da ake aunawa. Abin da babu gardama a kansa shi ne lalacewar mitofusin 2 na jawo wata cutar jijiyoyin ƙafa da hannu da ake gado, nau'in 2A na cutar Charcot-Marie-Tooth.

Na san abin da wasu abokan aikina na da za su ce, don na sha jin sa a ɗakin malamai: makarantar da ba ta da alli me za ta yi da nanomita? Waɗannan ai cututtukan da ba a cika gani ba ne, na ƙasashen masu kuɗi. To ga biyu da ba sai an je ko'ina ba.

Ta farko ciwon amodari, wato tarakoma, wanda ya makantar da mutane da yawa a arewacin Nijeriya da Nijar, kuma shi ne kan gaba a duniya cikin cututtukan da ake ɗauka masu jawo makanta. Bakteriyar da ke kawo shi, Chlamydia trachomatis, ba ta iya hayayyafa sai a cikin sel ɗin mutum. In ta shiga sai ta zauna cikin wata jaka, tana yawaita, jakar tana faɗaɗa, saboda haka tana bukatar maiƙo, har da irin wanda ita ba ta iya ƙerawa. Isabelle Derré da abokan aikinta suka nuna a 2011 cewa bakteriyar tana dasa wani furotin nata, IncD, a jikin jakar, ya janyo CERT ɗin nan na Hanada, ya karkatar da shi zuwa gare ta. A 2017 suka sake gano wani, IncV, wanda ke ɗauke da FFAT na kwaikwayo. VAP ɗin mutum ta gan shi ta cafke, ragar endofilazim ta zo ta jingina da jakar baƙuwa. Wato bakteriyar ta ƙera igiyar jabu tun kafin Kornmann ya yi tunanin tasa. Yawancin gwaje-gwajen da wani nau'inta aka yi su wanda ba na ido ba, amma jinsin bakteriyar ɗaya ne.

Ta biyu shan inna. A 2016 aka ga na ƙarshen waɗanda bairos ɗin daji, wato na asali wanda ba daga rigakafi ya samo tushe ba, ya kama a Nijeriya, a jihar Borno, ranar 25 ga Agusta 2020 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar yankin Afirka ya rabu da shi, amma har yanzu guragun da ya bari suna tare da mu a kowace unguwa. Shi bairos ɗin da danginsa, ciki har da da yawa daga masu kawo mura, in sun shiga sel sai su gina wasu tantani na kansu inda za su riƙa kwafar kansu. Nihal Altan-Bonnet ta nuna a 2010 cewa suna janyo enzayim ɗin da ke ƙera PI4P zuwa wannan sabon tantani. Wanda ya bi bayanin da na yi a sama ya riga ya san abin da zai biyo baya: OSBP ya ga PI4P ya ɗauka Golji ne, ya ɗaure raga da wurin, ya shiga yi wa bairos dakon kolestarol. Masana a Utrecht ta ƙasar Holand sun nuna a 2015 cewa itrakonazol, tsohon maganin cututtukan fangi, yana toshe OSBP, da haka yake hana irin waɗannan bairos yawaita a cikin sel ɗin da ake kiwo a ɗakin gwaji.

Ina roƙon masu karatu su lura da kalmomin nan na ƙarshe, a ɗakin gwaji. Kada wani ya je kemis ya sayi itrakonazol don mura ko don yaro mai shan inna. Ba a tabbatar da shi maganinsu ba, kuma yana iya taɓa hanta. Shan inna ɗigon rigakafi ne kariyarsa. Amodari kuwa wanke fuskar yara, da tsaftar muhalli, da maganin azitromaisin da ma'aikatan lafiya ke rabawa, da tiyatar fatar ido ga wanda gashin idonsa ya riga ya juya ciki.

Na gode da filin da ka ba ni.

Naka,
Malamin bayoloji mai ritaya,
Zariya.